Haruffa masu kama da shafar buroshi: asalinsu da inda suke da amfani

Ga ɗan gwaji da ba zai ci maka ko sisi ba. Nemi fasta, ko kwalbar lemo, ko rigar wani saurayi da aka rubuta suna a jikinta da irin rubutun nan mai kauri mai gudu, kamar an tsoma buroshi a fenti an zabga shi a ja ɗaya. Ka duba ko akwai harafin da ya fito sau biyu a kalmar, a biyu ko s biyu, ka ƙura musu ido. In ka ga na farko da na biyu kamar an tsaga kara, har ɗan tsagin da ke wutsiyar wannan yana nan daram a wutsiyar wancan, to babu buroshin da ya taɓa wurin. Na'ura ce ta ɗauko harafi ɗaya ta dasa shi sau biyu. Hannun ɗan Adam ba ya iya wannan, ko da mai shi ya shekara arba'in a sana'ar.

Buroshi ba ya rubuta harafi iri ɗaya sau biyu. Zubin haruffa kuwa, abin da 'yan kwamfuta ke ce wa font, maimaitawa ce sana'arsa tun ranar da aka ƙirƙiro shi. Masu zana irin waɗannan haruffa sun fi shekara tamanin suna neman yadda za su aurar da waɗannan abubuwa biyu da ba sa ga maciji da juna, kuma kusan duk ƙa'idar da ake bi wajen amfani da su daga wannan rigimar ta fito.

Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san rabin zancen. Alƙalamin kara bakinsa a fiƙe yake, mai tauri, ba ya lanƙwasa. Inda layi zai yi kauri da inda zai sirance ya danganta ne da yadda ka karkata bakin, shi ya sa rubutun gwani ɗaya yake fita shafi bayan shafi da kamanni ɗaya. Buroshi gashi ne. Ka danna ya baje, ka ɗaga ya tsuke, ka yi sauri fentin ya kasa bin ka, sai gashin ya rarrabu ya bar fararen zirare a cikin baƙin. Mutanen Sin sun daɗe da sa wa waɗannan zirare suna, suna ce musu farin da ke tashi sama, Japanawa kuma na ce musu kasure. Saboda haka duk shafa ɗaya ta buroshi tana ba da labarin yadda aka yi ta: inda hannu ya sauka, inda ya yi nauyi, inda ya yi gaggawa, inda tawada ta ƙare. Abin da ido ke so ke nan a irin wannan rubutu. Kafin ka karanta abin da aka ce, ka riga ka ji cewa wani ya faɗe shi da ƙarfi, yanzun nan.

Buroshin ma iri biyu ne, kuma yana da kyau a bambance su don zuriyarsu a kwamfuta ba ɗaya ba ce. Akwai mai tsini, na masu rubutun Sin da Japan, wanda ke ba da layi mai kumbura da tsukewa kamar ganyen dawa. Akwai mai faɗin baki, na masu rubuta allon shago a Turai da Amurka, wanda sau da yawa da gashin kurege ake yi, dogon gashi mai riƙe fenti da yawa don a ja dogon layi ba tare da an koma gwangwani ba.

Su waɗannan masu rubuta allo su ne iyayen gidan abin da muke magana a kai. A farkon ƙarni na 20 manyan kantunan Amurka suna da mutumin da aikinsa ke nan, rubuta katin farashi da takardar rangwame da za a manna a gilashin taga. Farashi na canzawa mako-mako, don haka ba wanda ke da lokacin zana harafi a tsanake yana cike shi. Sai suka fito da salon da kowane sashe na harafi shafa ɗaya ce tak, a ɗan kishingiɗe, babu ƙafafu babu kwalliya. Akwai wayo a ciki wanda ba kowa ke lura ba: salon yana rufa wa mai shi asiri. In kana rubuta haruffan littafi masu tsayuwar soja, ƙaramin kuskure zai yi ta ihu. In kuwa dama can haruffan rawa suke yi, wanda ya ɗan zarce layi sai a ce ado ne.

Masu maɗaba'a suna kallo ciniki na wuce su, domin mai talla ya fi son abin da ya yi kama da hannu. Maƙerun haruffa suka tashi tsaye. Kamfanin American Type Founders, wanda shi ne babba a Amurka a lokacin, ya fitar da Kaufmann a 1936, da Balloon a 1939, dukansu na Max Kaufmann. A 1942 ya fitar da Brush Script na Robert E. Smith, a 1951 kuma Dom Casual. A Jamus, Carlos Winkow ya riga ya yi Reporter a 1938, wanda har zirare na busasshen buroshi ya kwaikwaya a jikin ƙarfe.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, don wahalar da suka sha ba ƙarama ba ce. A wancan zamani kowane harafi yana zaune ne a kan ɗan guntun dalma mai kusurwa huɗu, kamar ƙaramin bulo. Mai jera rubutu yana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya daga akwati yana jerawa, bulo kusa da bulo. To ka ce kana so rubutun ya fito a haɗe, wutsiyar wannan ta shiga cikin wancan kamar hannu bai ɗaga ba. Ƙananan baƙaƙen Turanci 26 ne, kowanne zai iya biyo bayan kowanne, haɗuwa 676 ke nan. Hanya ɗaya ce: a tilasta wa kowace wutsiya ta ƙare a tsayi ɗaya, a kauri ɗaya, a karkata ɗaya, daidai bakin bulon. Brush Script haka ya yi, kuma ya yi shi da kyau, haɗin ba ya nunawa sai in dalmar ta fara cinyewa, sai ka ga ɗan farin tsagi tsakanin haruffa. Amma abin da aka biya shi ne rai. Rubutun ya fito a haɗe, sai dai yana tafiya kamar 'yan fareti, kowa ƙafarsa a layi. Ni a wurina wannan ladabin nasa ne ya sa ya tsufa da wuri. Ka gan shi yau a katin biki ko allon mai aski, sai ka ji kamar ka ga tsohuwar kwat ɗin baba.

Wanda ya fi kowa kusa da warware matsalar Bafaranshe ne, Roger Excoffon, haifaffen Marsai a 1910, wanda ya yi aiki da wata maƙerar haruffa ta garinsu mai suna Olive. Cikin shekara biyar ya fitar da abubuwa uku da har yau ba a daina gani ba. Banco a 1951, manyan baƙaƙe zalla, masu ƙiba, a karkace, kowane sashe kamar an datse shi da faffaɗan buroshi. Mistral a 1953. Choc a 1955.

Mistral sunan wata iska ce mai sanyi da ƙarfi da ke gangarowa ta kwarin kogin Ron zuwa tekun Bahar Rum, irin yadda hunturu ke sauko mana. Excoffon rubutun hannunsa ya ɗauka ya mai da ƙarfe. Dabararsa ita ce ya ƙi yarda haruffan su zauna a layi ɗaya. Wani ya ɗan hau, wani ya ɗan sauka, wani ya yi tsalle, gefen kowanne a ɗan gurje kamar takarda ta sha tawada. Da yake komai na motsi, ido ba ya samun madogarar da zai gane cewa ai e ɗin nan shi ne na ɗazu, kuma wurin haɗin ya ɓace a cikin hayaniyar. Ka tuna duk wannan a kan bulon dalma ake yi, babu kwamfutar da za ta zaɓa maka. Ko yau, da duk kayan aikin da ake da su, ba kasafai ake samun zubin da ya kai shi kama da rubutun mai sauri ba, muddin ba ka rubuta shi da manyan baƙaƙe zalla ba, wanda za mu zo kansa.

Choc kuwa, ma'anar sunan a Faransanci karo ko bugu. Haruffansa ba a haɗe suke ba, dunƙule-dunƙule ne, kamar an cika buroshi da tawada an dangwara da fushi. Cikin wasu haruffan ya kusa toshewa. Ba a yi shi don a karanta jimla ba, an yi shi don ya tare ka a hanya.

Abin da ya faru da waɗannan ukun daga baya darasi ne kan yadda rubutu ke kuɓuce wa mai shi. Banco ya cika allunan mahauta da masu burodi a Faransa har 'yan gayu suka raina shi, sai ga wata mujallar masu wasan allon gudu mai taya (skateboard) a San Faransisko ta Amurka, Thrasher, da aka kafa a 1981, ta ɗauke shi ta yi tambari da shi. Duk wanda ke leƙa dilar gwanjo ya taɓa cin karo da rigar, sunan na ci da wuta. Rubutun mahauta ne ya zama na 'yan tawaye. Choc kuma ya tsinci kansa a ƙofar gidajen abincin Sin da Japan da Tailan a birnin Niyok da wasu biranen, alhali mutumin Marsai ne ya zana shi don tallan Faransawa. Masu yin allo sun ga shafar buroshi, suka ce ai wannan na Gabas ne. Wannan gajeren tunani ya girmi Choc ɗin ma: tun 1883 wata maƙera a birnin Kilibland na Amurka ta fitar da haruffan Turanci da aka yanka su tsini-tsini don su yi kama da rubutun Sin, irin waɗanda yau Sinawa da yawa a Amurka ke ɗauka a matsayin ba'a. Mai zane ya kamata ya san wannan kafin ya ɗauko rubutun buroshi don kawai abincin da ake tallatawa shinkafa ce da tsinke.

In ana neman inda aka ɗauki rubutun buroshi mai kauri da muhimmancin gaske a harkar talla, Japan za a je, kuma sun riga Turawa da nisa. A zamanin da Tokiyo ke amsa sunan Edo, kowace sana'a da irin rubutunta. Na gidajen kabuki, wasan kwaikwayonsu na gargajiya, ana ce masa kanteiryu, ana danganta shi da wani marubuci Okazakiya Kanroku a 1779. Layukansa masu kauri ne, a murɗe, suna lanƙwasowa ciki, ba sa barin fili. Kuma da gangan ne: farin da ya rage a takarda kujerar da ba kowa ce, don haka a cike shi, lanƙwasar ciki kuma ta jawo 'yan kallo su shigo. 'Yan kokawar sumo su ma da nasu. Kafin kowace gasa cikin manyan gasanni shida na shekara, alƙalan wasan da kansu ke zama su rubuta jerin sunayen 'yan kokawa da buroshi a babbar takarda, sannan a rage girmanta a buga. Sunan gwarzo ƙato, baƙi ƙirin, a sama. Kana sauka suna sirancewa, har na 'yan koyo a ƙasa su zama kamar zare, ana yi musu laƙabi da tabarau mai ƙara girma don sai da shi ake ganin su. Akwai kuma salon da ake barin gashin buroshi ya baje a ƙarshen shafa kamar gemu, wanda ake gani a kwalaben giyarsu ta shinkafa da tutar masu sayar da ƙanƙara. Abin da ya burge ni a nan shi ne kaurin layi da yawan fili duk magana suke yi, an san abin da kowanne ke nufi. Yawancin masu zanen yau kauri kawai suke gani.

Yadda waɗannan haruffa suka iso shagunan buga takardu na Kano da Kaduna da Maraɗi ba wani abin ɓoye ba ne, a cikin kwamfuta suka zo. Brush Script da Mistral sun biyo manhajojin ofis na Microsoft. CorelDraw, wadda wani kamfanin Kanada ya fara fitarwa a 1989 kuma har gobe ita ce gatarin masu bana da kati a wurinmu, ta zo da tarin haruffa, cikinsu har da Mistral da Choc a ƙarƙashin wasu sunaye, Staccato 222 da Staccato 555. Na'urar yanka sitika, wadda ta bayyana a Amurka farkon shekarun 1980, da injin buga fileks da ya biyo baya, su suka karya kasuwar masu fenti. Abin dariya, abin tausayi: na'urar da ta kori mai buroshi daga bakin titi ita ce kuma take sayar da kwaikwayon hannunsa. Har yanzu dai akwai masu fentin, ana ganin aikinsu a bayan manyan motoci da jikin bangon makarantu, kuma in ka tsaya ka kalli mai rubuta karin magana a bayan tirela yana jan layi ba tare da ya auna ba, za ka ga abin da duk waɗancan kamfanoni ke ta bi.

Kwamfuta ta fara da maimaita laifin dalma, harafi ɗaya hoto ɗaya. Sauyi ya zo da tsarin OpenType da Microsoft da Adobe suka haɗu suka yi a tsakiyar shekarun 1990. A wannan tsari zubi ɗaya zai iya ɗaukar harafin a iri uku ko huɗu, da ƙa'idar da ke cewa in a ta riga ta fito a kalmar nan, kawo ta biyu. Zai iya sanin harafin da ke farkon kalma ya ba shi shiga, na ƙarshe ya ba shi doguwar wutsiya, ya kuma haɗe wasu tagwaye kamar tt ko ll su zama zane ɗaya. Bello, wanda kamfanin Underware ya fitar a 2004, yana cikin waɗanda suka nuna abin da za a iya yi da wannan. Daga baya aka samu na kyauta irin su Pacifico na Vernon Adams a 2011, wanda ya ɗauko ƙamshin allunan bakin teku na Amurka na shekarun 1950. Sannan aka shiga yayin busasshen buroshi, inda mai zane zai rubuta da tawada a takarda, ya ɗauki hotonsa, ya mai da shi zubi da duk zirarensa da ɗigonsa. Dubbai ne a intanet yanzu, kuma mafi yawansu harafin a iri ɗaya ne tak a ciki. Nan gwajinmu na farko yake kama su, kuma ya fi kama su da sauƙi fiye da Brush Script, domin tsagi da ɗigo shaida ce. Layi mai santsi in ya maimaitu ba a cika lura ba. Ɗigon tawada iri ɗaya a wuri ɗaya sau uku kuwa, ko yaro zai gani.

Daga nan ƙa'idar farko ta fito, kuma ita ce uwar sauran: kalma ɗaya, biyu, in an matsa uku. Iya tsawon rubutu, iya yawan maimaituwar haruffa, iya saurin tonuwar asiri. Ga kuma gajiyar ido, don harafin da ya sha bamban da wanda aka saba gani sai an ɗan tsaya a kansa. Sunan kaya, taken fim, kalmar da ɗan takara ke so ta zauna a kai, "Rangwame", "Sabo", "Da zafinsa". Sauran bayani, adireshi da ranar taro da sharuɗɗa, a ba wa harafi mai sanyin hali marar ado. In mutum biyu na ihu a ɗaki ɗaya ba a jin kowa, don haka zubin buroshi biyu a fasta ɗaya ɓarna ce.

Yana da kyau a inda ake son zafi da motsi da kusanci: abinci, yaji, lemo, wasanni, kiɗa, rigunan matasa, hoton da ke gaban bidiyo a YouTube inda kake da ƙiftawar ido ɗaya kafin yatsa ya wuce. Ba shi da wuri a inda ake son natsuwa da amana. Ban ga dalilin da zai sa a rubuta adadin ƙwayar da za a sha a kwalin magani da shi ba, ko sanarwar rasuwa, ko sunan asibiti. Lambar waya ma kada a kuskura. A yawancin irin waɗannan haruffa 1 da 7 'yan uwan juna ne, 3 da 8 ma haka in cikinsu ya toshe, kuma mai karanta allonka yana kan babur ne ko a cikin Keke, ba zai dawo ya tantance ba.

Sai laifuffukan da ake yi wa haruffan da kansu, waɗanda nake gani kullum. Na farko rubuta salon haɗe da manyan baƙaƙe zalla. Manyan baƙaƙen Brush Script da Mistral an zana su ne don su buɗe kalma, ƙananan su biyo baya. Ka jera su su kaɗai, sai su zama kamar taron sarakuna babu talakawa, kowa da rawaninsa, ba mai matsa wa wani, kalmar ba ta karantuwa. In manyan baƙaƙe kake so, ɗauki wanda aka yi don haka, irin Banco. Na biyu buɗa tazara tsakanin haruffan da aka yi su don su riƙe hannun juna, sai wutsiyoyi su tsaya a iska. Na uku ja da linzamin kwamfuta a miƙe rubutu ko a matse shi don ya cika fili. Kaurin shafar tsaye da ta kwance akwai lissafi a tsakaninsu, shi ne ke sa ido ya yarda buroshi ɗaya ne ya yi su. Ka ja shi gefe, ka rusa lissafin.

Akwai kuma abin da sai wanda ya tsaya a gaban inji ya sani. Zubin busasshen buroshi, kowane ɗan tsagi a jikinsa ɗigogi ne da na'ura za ta bi, harafi ɗaya sai ya ɗauki ɗaruruwa. A fuskar kwamfuta abin sha'awa. Ka tura wa na'urar yanka sitika, wuƙar za ta yi ta sassaƙa ƙananan tsibirai, yaron shago ya kwana yana tsince su da allura, rabi su biyo hannunsa. A injin ɗinkin suna a hula ko riga ma haka, zare ba ya iya siririn tsagi. A ƙaramin bugu, kamar katin kasuwanci, zirarin sai su cushe su zama kamar datti. Don irin waɗannan ayyuka mai santsin gefe ake nema. Kuma in salon haɗe ne, sai an narkar da haruffan sun zama jiki ɗaya kafin a yanka, in ba haka ba wuƙar za ta zagaye kowane harafi shi kaɗai ta datse duk mahaɗa.

Batun izini a taƙaice: da yawa daga waɗanda ake saukewa kyauta, kyautar ta amfanin kai ce, ban da kasuwanci. Yawancin na rumbun Google Fonts kuwa suna ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya halatta ciniki da su, har ma da yi musu gyara da ƙari bisa wasu sharuɗɗa. Wannan na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye.

Domin mu masu rubuta Hausa muna da tamu matsalar da Excoffon bai taɓa mafarkinta ba. Mafi yawan haruffan buroshi ba su da ƙ da ɗ da ɓ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar, sau da yawa ko alamar ₦ babu. Wanda ya zana su don kasuwar Turai da Amurka ya tsaya inda kasuwarsa ta tsaya. In ka buga ƙ, ɗayan biyu ne: ko ka ga ɗan akwati fanko, ko manhajar ta aro harafin daga wani zubi daban, ya fito siriri a tsaye a tsakiyar masu ƙiba kamar baƙon da ya ɓata hanya. Saboda haka kafin ka ƙaunaci wani zubi, fara buga masa "ƙwaɓa" da "ɗanɗano" da "Ɓaure" ka ga yadda zai yi.

Na koyi wannan ne a wani shagon buga bana, ana jibi walimar saukar karatun ɗan yayata. An ce a rubuta "Maraba da manyan baƙi". Yaron shagon, mai hannu ne ƙwarai, ya zaɓo wani zubin buroshi mai kyau, ja a kan fari. Da ƙ ta fito a rame, bai yi wata-wata ba ya goge ta ya sa k.

Na ce, "Ƙanina, karanta min abin da ka rubuta."

Ya karanta daidai, da ƙ ɗinsa a baki. Na ce ya sake dubawa. Ya yi shiru, sai ya fashe da dariya. "Yallaɓai, ai kowa zai gane."

"Za su gane mana. Malaman da aka gayyato ne za a ce wa manyan baki, a rataye a ƙofar gida."

Gyaran bai kai minti goma sha biyar ba. Ya mai da rubutun zane, ya kwafo f daga zubin, ya yanke lanƙwasar kanta, ya kawo ya ɗora a kan sandar k. Karon farko bai yi ba, ƙugiyar ta zauna kamar hular aro, don ta fi sandar siranta a wurin haɗin. Na ce ya tuna yadda mai fenti zai yi: daga ƙugiyar zai fara, ya lanƙwaso, ya gangaro da sandar a ja ɗaya, saboda haka kaurin dole ya ƙaru a hankali, ba tsalle ba. Ya ja ɗigogi biyu uku, ya narkar da su wuri ɗaya, sai ga ƙ kamar da ita aka haifi zubin. Kafin in fita na ga ya ajiye ta a wani fayil daban, ya ce ɗ da ɓ ma zai yi musu in ya samu sarari.

Ƙ ɗaya ce dai gare shi. Ranar da mai ƙanƙara ya kawo aikin allo, sai ya sake zama.